Landkuruzar Sardar Jiyand

Tun kafin Pirdad ya tayar da mota a safiyar Alhamis ɗin nan, abin da zai lalace ya riga ya lalace. Mutum uku na kwance a bayan duwatsun Mashigar Kurma suna jiransa, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan cikinsa ne. Bai sani ba. Da ya sani, da ya zare wayar batir ya ce mota ta ƙi tashi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tuƙi a gidan Sardar Jiyand, shugaban ƙabilarmu a kudu da Kalat. Kowace Alhamis yakan kai babbar motar gidan cikin gari a duba ta, shi kaɗai. Ranar ma haka ya shirya. Masu gadi duk sun bi ƙanen Sardar zuwa wani biki da akori-kurar gidan guda biyu. Yana cikin goge gilashi sai ƙofar cikin gida ta buɗe. Bibi Durnaz ce, mahaifiyar Sardar, tana dogara sanda.

"Buɗe mini, Pirdad. Kabarin mijina za ni."

"Bibi, ba masu rakiya. Sardar ma bai fito ba. Da kin bari..."

"In bari sai yaushe? Sai ranar da za a kai ni can a kafaɗa? Shekara biyu ina cewa a kai ni, kullum sai an tara mini ƙarti goma da bindigogi kamar za ni yaƙi. Ai hanyarka ce. Ka sauke ni, in ka dawo ka ɗauke ni."

"Sardar zai yanka ni."

"Ni na haife shi. Buɗe."

Ya buɗe. Ta hau da ƙyar, ta miƙo masa ƙullin magungunanta na sukari da na zuciya. "Riƙe mini. In suna hannuna mantawa nake. Kafin azahar ka tuna mini."

Ya sa a aljihu. Ta ja labule.

Labulen nan yana tsakanin kujerun gaba da na baya, kore mai kauri, gilasan baya kuma baƙaƙe wuluk. Ko da mace a ciki ko babu, a rufe yake, don kada wani ya san ranar da iyalin Sardar suke kan hanya. Namijin da ya tashi a gidan ba ya taɓa shi. Direba kuma abu ɗaya ake fara koya masa kafin birki da giya: duk baƙon da ya tambaye ka wa ke ciki, amsarka ita ce ba kowa.

"Wannan ai ba mota ba ce, ɗaki ne," in ji Bibi daga baya, da suka hau kwalta. "Kujera mai sanyi, firji, ko ƙarar inji ba ka ji. Ta farkon nan ita ce mota."

Ta farkon tana nan a rumfar bayan gida. Lokacin yaƙin Afganistan ta shigo, sa'ad da masu aikin agaji suka cika ƙasar da Landkuruza farare daga Japan. Tsohon Sardar ya ga ɗaya ta haye kwazazzabon da dokinsa ya ƙi hawa, a makon ya sallami mai ba dawakai ciyawa. Daga nan magana ta ƙare. Likita ita yake hawa, mai fasa-ƙwauri ita, ɗan takara ita. A cikinta ake kai amarya, a cikinta ake kai gawa. Ta biyu ta zo da na'urar sanyi, ta uku da kujerun fata, har aka kai ga wannan baƙar da samari ke kira Bi'et. Da can don ƙarfinta ake nemanta. Yanzu kuwa in ta wuce, dattijo kan miƙe tsaye tun bai ga wanda ke ciki ba, samari kuma su bi ta da wani irin kallo da ba uban da zai so ya gani a idon ɗansa.

Pirdad ya ga kallon nan a idon Dostin, ɗansa namiji tilo. Shi ya koya masa tuƙi a busassun koguna tun yana shekara goma sha biyu. Wata biyar da suka wuce Dostin ya ɗauki baƙar motar ba izini, ya zaga gari da ita sau ɗaya. Sardar ya mare shi a gaban jama'a. Pirdad yana tsaye, bai hana ba, har ma shi ya ba da haƙuri. Washegari aka nemi Dostin aka rasa.

Kwana uku kafin Alhamis ɗin, da la'asar, Dostin yana zaune a kan gadon igiya a bayan wani shagon shayi na direbobin tirela. Gabansa Gwahram ne, ogan harkar, mai tabon wuƙa a haɓa. Gefe kuma Shambe, siriri, mai babur, yana tsoma gurasa a shayi.

"Maimaita mini, ɗan direba," in ji Gwahram.

"Alhamis da hantsi. Shi kaɗai. Ba mai gadi, ba bindiga. A Mashigar Kurma dole ya rage gudu, kwalta ta zaizaye. Daga nan in faɗa kogi da ita. Kafin magariba muna bakin iyaka."

"Kogin nan ko jaki ba ya so," in ji Shambe.

"Jaki ba Bi'et ba ne. Kai dai ka riƙe wannan gwangwanin naka kada ya watse a hanya."

"Gwangwanin nan ya fi ubanka gudu!"

"Kada ka ƙara sa ubana a bakinka."

"Kai dalla ku yi mana shiru," in ji Gwahram. "Sardar fa? Zai bar mu?"

"Ƙarfe ne, Oga. Kai ma ka san yadda ake yi. An sace mota, a tura dattawa, a yi magana, ko ta dawo ko kada ta dawo. Ba wanda ke zubar da jini a kan ƙarfe. So nake kawai ya fito da safe ya ga rumfa wayam. Amma da sharaɗi ɗaya."

"Ina ji."

"Ba mai taɓa tsohon. Ko hularsa."

Gwahram ya yi dariya ya buga masa kafaɗa. "Ji ɗan kirki! Za mu sauke shi kamar ƙwai. Sha shayinka."

Ƙarfe tara da rabi baƙar motar ta gangaro Mashigar Kurma. Pirdad ya rage gudu. Duwatsu uku a jere a tsakiyar hanya. Jiya ba su nan.

Ya kai hannu zai sa ribas — sai ga babur a bayansa!

"Kashe! Kashe motar!"

Bakin bindiga a gilashi. Fuskoki a naɗe da rawani, idanu kawai. Gwahram ya fizge ƙofa, ya shaƙo wuyan rigarsa.

"Wa ke ciki?"

"Ba kowa."

Bakinsa ne ya faɗa. Shekara talatin da ɗaya yana faɗa, a kowane shinge, ga kowane baƙo. A ransa kuma yana cewa waya za su karɓa, da agogo, su tafi. Kada dai su san tana ciki.

"Fito!"

Suka wurgo shi ƙasa. Gwahram ya zare wayarsa daga aljihu, ya zaga ya faɗa kujerar gefe. Sai na ukun ya fito daga bayan dutse, dogo, bai ɗauki bindiga ba. Ya hau mazaunin direba. Ya ja kujera baya taku biyu, ya shafi sitiyari da hannun dama, ya shafi goshinsa.

Haka Pirdad yake yi. Mutum ɗaya ya koya wa.

Sai a lokacin ya gane motar suka zo ɗauka. Ya yunƙura ya tashi.

"Tsaya! Kada ka tafi! Akwai —"

Shambe ya juya gindin bindiga ya narka masa a baki. Ƙasa ta taso ta tare shi. Gilasai a rufe, injin ya ɗauka, Dostin bai ji ba, bai kuma ga dukan ba. Motar ta sauka daga kwalta ta faɗa cikin busasshen kogi, babur na bin ta.

Pirdad ya bi su da gudu, jini na zuba a gemunsa. "Dostin! Dostin!" Taku hamsin ya yi ya faɗi.

Wani mai motar dakon tuffa ya tsince shi ya kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa. Babban jami'in wurin, Sohbat, ya ɗauko takarda a natse.

"Motar Sardar? To, Allah ya kyauta. Zauna ka wanke bakinka. Lambarta nawa?"

"Bibi na ciki."

Biro ya faɗi daga hannun Sohbat.

Cikin minti arba'in Sardar Jiyand ya iso, a tsohuwar Landkuruzar ubansa, don ita kaɗai ta rage a gida. Mai dafa abinci ne ya tuƙo shi, da bindiga a cinya. Sardar bai yi ihu ba. Yana tsaye a bakin ofishin ya kira mutum bakwai a waya, shugabannin gidajen da ke tsakanin nan da iyaka, kuma magana ɗaya ya faɗa wa kowannensu.

"An ɗauki mahaifiyata. Duk wanda ya gan su, kada ya tambaye su komai. Ya harbe."

Sannan ya dubi Pirdad. "Ka ga fuskokinsu?"

"A rufe suke, ranka ya daɗe."

"Su nawa?"

"Uku."

"Maganar yadda ta fita ba rakiya, za mu yi ta daga baya. Motar 'yan sanda ba za ta iya yashin nan ba. Ba kuma wanda ya san kogin kamar kai. Hau."

Pirdad ya hau. Sardar a gefensa, Sohbat da 'yan sanda biyu a baya. Ya murɗa makulli. Tsohuwar motar ta yi tari, ta tashi.

Abin da ya faru a cikin baƙar motar, daga bakin Bibi aka ji shi daga baya.

Idonta biyu tun daga mashiga. Ta ji muryoyin maza baƙi, ta ji an fitar da Pirdad. Ba ta yi ihu ba. Mace irinta ba ta ɗaga murya a gaban baƙi ko da wuƙa a wuyanta. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta kama carbi. Sa'a ɗaya da rabi tana zaune bayansu, tsakaninta da su taku ɗaya. Gwahram idonsa na kan hanya. Dostin kuwa a gidan ya tashi. Ko a mafarki hannunsa ba zai kai ga labulen ba.

"Kai, wannan mota!" in ji Gwahram. Ya buɗe firjin da ke tsakanin kujeru ya ɗauko ruwa. "Dutse take takawa kamar katifa. Shege, ashe haka suke jin daɗi!"

"Ba ka ga komai ba, Oga. Bari mu fita yashin nan."

"Ubanka ya yi kuka?"

"Na ce maka kada a sa shi a magana."

Sai murya ta fito daga bayansu, a hankali.

"Dostin. Kai ne?"

Birki! Motar ta ja ta tsaya a karkace. Shambe ya kusa shigewa ƙarƙashinta da babur.

Gwahram ya juya, ya sa bakin bindiga ya ɗaga labulen.

"Sauke!" Dostin ya doke hannunsa. "Sauke, ɗan iska! Uwar Sardar ce!"

"Uwar wa?"

Shambe ya leƙo ta taga, ya ji, ya dafe kai. "Mun mutu. Wallahi mun mutu! Ka ce ƙarfe ne! Ka ce shi kaɗai ne!"

"Tsohon ya ce ba kowa!" in ji Gwahram.

"Haka ake cewa," in ji Dostin. "Haka kullum ake cewa."

"Kuma ka sani ba ka duba ba?"

"Ba a dubawa."

Gwahram ya waiwayi labulen. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Saurara. Ta ji muryarka, ta ga idona. In ta koma gida, ba kai ba, ba ni ba, har 'yan uwanmu sai sun bar ƙasar nan. Akwai rami a bayan dutsen can. Ba wanda zai same ta. Mu ce a mashiga muka sauke ta."

"Ka haukace."

"Ni na haukace? Fito da ita."

"Yaro," in ji Bibi daga baya, ba ta ko ɗaga murya ba, "ni na ba uwarka zanen goyonka."

Gwahram ya buɗe ƙofarsa ya diro, ya kama hannun ƙofar baya. Dostin ya danna makulli — ƙofofi suka kulle! Gwahram ya juyo, ya ɗaga bindiga ta ƙofar gaba da ke buɗe.

Tau!

Dostin ya taka totur. Motar ta zabura, ƙofa na lilo, tsakuwa na feshi. Tau! Tau! Gilashin baya ya tsage. Ta sha kwana ta ɓace.

"Bi shi!" Gwahram ya yi wa Shambe tsawa.

"In bi shi ina? Da uwar Sardar? Oga, hau mu fece, ko in tafi in bar ka!"

Gwahram ya hau. Amma kafin su tashi ya laluba aljihu ya ciro wayar Pirdad.

A daidai lokacin tsohuwar Landkuruza ta iso inda kogin ya rabu biyu. Hagu yashi ne, da sawun taya sabo, ɓaro-ɓaro. Dama shimfiɗaɗɗen dutse ne, ba alamar komai.

"Hagu!" in ji Sohbat. "Ga sawu nan."

Pirdad ya tsaya. Ya dubi sawun. Ya fi zurfin da ya kamata, kuma gefensa ya rufta sau biyu. An shiga, an dawo da baya a kan sawu ɗaya, an hau dutse. Wani tsohon direban yaƙi ne ya koya masa dabarar, shi kuma ya koya wa Dostin wata ranar Juma'a, suna dariya. Sawun babur ma ya bi ta cikin na motar.

In ya bi hagu, sa'a uku za su yi kafin su gane ba mafita. Sa'a uku sun ishi yaron ya kai iyaka. Ba wanda zai zarge shi, ai ɗan sanda ne ya ce hagu.

Ƙullin magani yana danne masa ƙirji ta cikin aljihu. Rana ta kusa tsakiya.

"Me kake jira?" in ji Sardar.

Pirdad ya sa giya. Ya juya sitiyari dama.

"Malam, sawu na hagu!" in ji Sohbat.

"Ƙarya ne sawun."

"Ya aka yi ka sani?"

Pirdad ya taka totur. Tsohuwar motar ta hau dutse tana gurnani. Hawaye na gangarowa suna haɗuwa da jinin gemunsa, kowa ya ɗauka zafin haƙoran da aka karya masa ne.

Ba su yi minti goma ba wayar Sardar ta yi ƙara. Ya duba. Sunan Pirdad ne a kai. Ya danna yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, mai son ka da alheri ne. Wanda ya ɗauki mahaifiyarka Dostin ne, ɗan direbanka. Shi ya shirya komai. Mu ce mana aka yi mota ce kawai, da muka ga tsohuwa muka ce a mayar da ita, ya ƙi, ya gudu da ita. Ka tambayi ubansa, bakinsu ɗaya."

Aka kashe.

Ba wanda ya yi motsi a motar. Pirdad ya ji ɗaya daga cikin 'yan sandan ya gyara riƙon bindiga a bayansa.

"Ka gane shi a mashiga?" in ji Sardar, idonsa na gaba.

"Na gane shi, ranka ya daɗe."

"Ka ce mini fuskokinsu a rufe suke."

"A rufe suke. Amma ɗana ne."

"Ka san zai zo?"

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban sani ba. Shi ma bai san tana ciki ba. Sun tambaye ni. Ni na ce musu ba kowa. Ni na faɗa."

Sardar ya juyo ya dube shi. "Kuma ka bi dama," ya ce.

"Maganinta na aljihuna."

"Tuƙa."

Sun wuce inda aka yi harbi, ga ɓawon harsashi uku da farfasasshen gilashi. Sohbat ya ga sawun babur ya yanke yamma, ya sanar ta waya. Pirdad bai tsaya ba. Sawun motar yanzu yana tangaɗi, yana hawa duwatsun da Dostin ba zai taɓa hawa ba in lafiyarsa ƙalau.

Bayan sun sha kwana sau biyu a kogin suka hango baƙar motar. Tana tsaye a inuwar wani gaɓa mai tsawo, injin na aiki, ƙofofi a rufe.

"Kada wanda ya yi harbi!" in ji Sardar. Ya diro tun mota ba ta tsaya ba.

Bibi ce ta buɗe daga ciki. Na'urar sanyi na hurawa, gorar ruwa a cinyarta, gefen mayafinta a yage. Leɓenta ya yi fari. Pirdad ya zube a gwiwa ya miƙa maganin da hannu biyu, kansa a ƙasa. Daga inda yake yana hango kujerar direba. Farar fatar ta jiƙe da jini har ƙasa.

"Ina yake?" in ji Sardar.

Ta haɗiye maganin tukuna. "Wa kake nema? Wanda ya ɗaga mini labule da bindiga yana kan babur. Wanda ya sha harsashi a maimakona ya hau dutsen can."

"Inna, shi ya kawo su."

"Na sani. Mari ɗaya ka yi masa, ya zo ɗaukar ƙarfenka. Da aka ce a jefa ni rami, shi ya tsaya. Da hannuna na ɗaure masa ciki da mayafin nan. Na ce masa zauna a bakin ƙafata, kana ƙarƙashin mayafina, ba ɗan da na haifa da ya isa ya taɓa ka." Ta juyo ga Pirdad. "Ya ƙi. Ya tambaye ni ko sun taɓa ka. Na ce na hango ta gilashi sun doke ka. Sai ya kifa kai a sitiyari. Da ya jiyo injin tsohuwar nan daga nesa, ya ce wannan tuƙin Abba ne, ba zan iya haɗa ido da shi ba. Ya buɗe ƙofa ya fita."

"Yaushe, Bibi?" in ji Pirdad. "Yaushe?"

"Bai fi minti ashirin ba."

"Jiyand," ta ce wa ɗanta, "yaron nan a hannuna yake. Ka ji ni a gaban shaidu."

Sardar ya sunkuyar da kai. Maganar da tsohuwa ta ɗora mayafinta a kai, ba Sardar ɗin da ke tsallake ta. "Na ji," ya ce. Ya ciro waya. Sai ya tsaya yana kallon wayar.

Ba sabis a gindin gaɓar. Ko da akwai, mutum bakwai ya kira da safe, kowannensu ya kira goma, su kuma sun tura samari kan duwatsu da bindigogi, wuraren da waya ba ta kaiwa. Maganar farko ta yi sa'a uku tana tafiya.

Pirdad bai jira izini ba. Ya kama dutsen yana hawa da hannu da ƙafa, mutum mai shekara hamsin da shida.

"Dostin! Fito! An yafe! Bibi ta karɓe ka!"

Ɗigon jini a kan dutse. Wani a gaba. Wani kuma.

"Ban yi fushi ba! Haƙora biyu ne kawai! Dostin!"

Sohbat ya biyo shi yana haki. A saman gaɓar duwatsu ne baƙaƙe har iyakar gani, da kwazazzabai sun fi ashirin. Ɗigon jinin ya kai bakin wani falalen dutse ya tsaya. Suka zaga shi sau uku. Pirdad ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, ya koma buɗe baki kawai.

Shambe washegari aka kama shi a gidan ƙanwarsa, ya faɗi komai tun kafin a tambaye shi, kuma maganarsa ta yi daidai da ta Bibi. Gwahram ya kai kwana uku. Wasu makiyaya da saƙon farko ya iske suka gan shi kusa da iyaka, ba su tambaye shi komai ba. Bibi ba ta ƙara fita daga gida ba, sanyin shekarar ya tafi da ita. Sardar bai kori Pirdad ba. Pirdad ɗin da kansa ya ajiye makullai a kan tabarma ya fita. Baƙar motar an canja mata kujera da gilashi an sayar wa wani ɗan kwangila, an kawo sabuwa fara, wadda ta fi ta girma. Samari na nan suna bin ta da kallo.

Sardar ya cika alkawari, ya aika saƙo na biyu ko'ina. Wasu ya same su a ranar, wasu bayan kwana biyu, wasu sai bayan mako. Pirdad ya bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa da bayan motocin kaya, yana tambaya. Kowa ya ba shi shayi, kowa ya ce bai ga yaron ba. A gida biyu an faɗa masa haka ba tare da an dube shi ba.

Shekara biyu ke nan. Ba a ga gawa ba, ba a ga tsumman mayafin ba, ba wanda ya kira. Ko raunin ne ya kashe Dostin a cikin wani kwazazzabo, ko ya tsallaka iyaka yana can da rai, ko kuwa ya gamu da wanda saƙon farko ya iske na biyun bai iske ba, har yau ba wanda ya sani.